Sikeli da Sakan Goma Sha Ɗaya

Ƙanena ba malalaci ba ne. Wannan nake so in fara faɗa, domin duk wanda ya ji abin da ya faru da littattafan awon Baba, lalaci yake fara kawowa, ni kuma ba na son a zagi ɗan'uwana da laifin da ba nasa ba alhali ga nasa na gaske a zaune. Mutum ne da zai wuni cur a gaban kwamfuta bai tuna da cikinsa ba. Matsalarsa ɗaya ce tak: kada ka ajiye masa abu biyu ka ce ya ɗauki ɗaya.

Yana ɗan shekara takwas Inna, Allah ya jiƙanta, ta aike shi sayen sabulu. Muka jira har rana ta bar kan igiyar shanya, sannan aka tura ni. Na same shi tsaye a kanti, sabulu ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Mai kantin na ganina ya ce, "Yauwa, zo ki ɗauke sikelinku, ya tare mini ƙofa." Sunan ya bi shi, har yau da furfura ta fara leƙowa a gemunsa Sikeli muke ce masa. Matarsa ma ba shi ya zaɓe ta ba. Shekara uku yana auna ta da wata 'yar ofishinsu, sai ita ta gaji ta aiko masa cewa ta gama nata awon, ya shirya.

Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne a wani kamfanin jigilar kaya, hawa na uku, tebur kusa da taga, allo biyu a gabansa. A can sun gano maganinsa tuntuni. Ba sa tambayarsa wanne ya fi. Shugabarsu takan ce, "Da wannan za ka yi, ranar Alhamis nake so," ranar Laraba sai ya miƙa aiki tsaf ba gyara. Mu 'yan gida ne ba mu koyi wannan dabarar ba.

Ni ce babba, kuma ni na gaji keke. Tun da na gama sakandare nake shagon ɗinkin Baba, ɗaki guda mai tsawo, keke uku a jere, teburin yanka a tsakiya wanda almakashi ya cinye gefensa, madubi a bayan ƙofa. A saman teburin akwai kanta, a kanta akwai littattafai ashirin da uku masu baƙin bango, kowanne an ɗaure shi da ƙyalle. Awon mutanen da Baba ya yi wa ɗinki shekara arba'in ne a ciki, kuma da su shagon yake ci. Tsofaffin kwastomominsa sun watsu, aiki ya kai wani nan, ritaya ta kai wani can, amma ba su sake tela ba. Sai dai a ba direba yadi a leda da 'yar takarda: "Awona yana wurin Baba." Baba ya sauko da littafi, ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya shimfiɗa yadin ya zana da alli, ya yanka, ni in ɗinka. Fiye da rabin aikinmu haka yake zuwa.

Matsalar ita ce duk duniya Baba kaɗai ke iya karanta su. Ba haruffa ba ne, ba kuma lambobi ba. Wasu alamomi ne da ya koya wurin maigidansa, ya yi ta ƙara nasa a kai, da fensir. Na sha cewa ya koya mini, ya ce sai an samu sarari, a shagon tela kuwa ba a samun sarari.

Ranar da ya yanka wa riga hannun hagu biyu na kai shi asibiti. Likitar ido ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Jijiyar ce take mutuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma ba zai tsayar da ita ba. Na tambaye ta karatu fa? Ta ce rubutu ƙanana ne za su fara tafiya, kada mu sa rai ya wuce shekara guda.

Da yamma Sikeli ya zo shago da jakarsa a kafaɗa. Na gaya masa abin da nake so: a zauna, Baba ya karanta, ni in ɗora tef in mayar inci, a rubuta a inda kowa zai iya gani. Ya ce ai wannan ba aikin takarda ba ne. Zai rubuta mana manhaja, a sa a tsohuwar kwamfutar da ya taɓa kawo mana daga ofis, wadda har lokacin aikinta riƙe kwalin maɓallai. Ka buga suna, awo ya fito.

"Sati biyu, Baba," ya ce. "In ya yi yawa uku."

Na daɗe ban ga fuskar Baba ta yi haske irin na ranar ba. Ɗansa injiniya, wanda bai taɓa zura zare a allura ba, zai yi wa shago aiki.

Sati biyu suka cika ya dawo, ba da manhaja ba, da takarda mai layi-layi. Ya ce ba a fara rubuta manhaja daga fili. Akwai abin da suke kira firamwok, gini ne da wasu suka riga suka yi rabinsa, tagogi da maɓallai da akwatunan rubutu duk a shirye, kai sai ka shiga ka tsara naka. Na ce irin kwalin da muke yankewa mu ajiye ke nan, mu riƙa ɗorawa a kan yadi. Ya ce kusan haka. Na ce to ɗauko ɗaya mana. Ya dube ni yadda likita ke duban wanda ya ce ya sha maganin maƙwabcinsa.

Goma sha ɗaya ya jero, ya tace suka koma uku. Sunayensu na gaskiya sun ƙi zama a bakina, don haka na raɗa musu nawa, har shi ma ya koma kiran su da su.

Akwai Tirela. Ita ce wadda yake aiki da ita a ofis, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Laifinta duk manhajar da aka gina da ita, komai ƙanƙantarta, sai ta ɗauko burauza sukutum ta cusa a ciki, irin abin nan da ake buɗe intanet da shi. Manhajar rubuta awon wando sai nauyinta ya haura megabayit ɗari, ta kuma zauna ta cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Akwai Babur. Shi ba ya ɗaukar kaya, burauzar da ke cikin kwamfutar yake ara, don haka ɗan mitsitsi ne kuma yana tashi da wuri. Sai dai an rubuta injinsa da wani yaren kwamfuta da Sikeli bai iya ba, yare mai tsauri da ba ya yarda ya motsa in ka kuskure ko ɗigo. Sai Amalanke, wanda ya girme su duka. Tun a makaranta Sikeli ya iya shi, yana tafiya a kan kowace irin kwamfuta, amma maɓallansa toka-toka ne kamar fom ɗin asibiti.

Na ce Amalanke ya yi mana. Ya ce ba zai sa wa mahaifinsa abu mai muni haka a shago ba. Na ce to Tirela. Ya ce bari a gwada.

Ya gwada a gabanmu wata Asabar. Ya sauke kwalin maɓallai, ya hure ƙura, ya kunna kwamfutar, ya riƙe agogon wayarsa kamar mai kula da tsere. Amalanke ya buɗe a sakan biyu. Babur, da ɗan gwajin da ya kwafo, bai kai sakan ɗaya ba. Tirela ta yi gurnani, fanka ta tashi, sannan ta buɗe.

"Sakan goma sha ɗaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai sanar da rasuwa. "Baba, in kuna buɗewa sau biyar a rana, a shekara awa biyar da rabi ke nan. Awa biyar da rabi na rayuwarku a zaune kuna kallon allo."

Baba, wanda kan yi minti goma yana neman tabaran da ke goshinsa, ya girgiza kai ya ce lallai abin da yawa.

"Da Tirelar kwana nawa za ka gama?" na tambaye shi.

"Asabar biyu. Amma Yaya, ba a gina abu a kan kuskure. Abu mara nauyi nake so in yi muku."

Baba ya ce shi dai a sana'arsa yadi mara nauyi ba ya zama a jiki. Muka yi dariya, Sikeli ya bayyana masa cewa nauyin kwamfuta daban ne, aka tsayar da magana a kan Babur. Kafin ya fita na sauko da littafi ɗaya na miƙa masa, na ce ya buɗe ya ga irin abin da zai zuba a ciki. Bai karɓa ba, hannunsa na kan zif ɗin jaka.

"Awo ai awo ne, Yaya. Lamba ce. Wuya, kafaɗa, ƙugu, tsawo. Wannan shi ne mai sauƙin."

Wata huɗu ya yi yana koyon yaren Babur. Ba wasa yake ba, na shaida. Matarsa ta ce ko a wurin cin abinci littafin yana jingine da kofi. Da ya iya, ya fara gini, ya kai rabi, sai masu Babur suka fitar da sabon salo wanda ya sauya yadda ake haɗa wasu abubuwa. Kowa zai ci gaba da tsohon ya gama. Sikeli ya buɗe sabuwar takarda ya fara auna tsohon Babur da sabon Babur.

A wannan tsakanin Baba ya daina zura allura, ya koma karatu a bakin ƙofa inda haske ya fi, littafi kusa da hanci. Daga baya na saya masa gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙi.

Kuskure na gaba nawa ne, da bakina na jawo. Wata rana na ce da ma a ce in ina kasuwa wurin sayen yadi zan iya duba awon mutum a waya, in san yadi nawa zan yanko. Magana ce kawai irin ta mai ɗinki da baki. Idon Sikeli ya kawo wuta. Ya ce ai wannan sai da bakend. Wato wata 'yar manhaja ce da za ta zauna a kwamfutar haya can wani wuri, aikinta amsa kira: wayata ta ce ba ni awon wane, ita ta miƙo. Na ce masinja ke nan. Na ce kuma na fasa, ba na so. Ya ce ai an riga an gano buƙata.

Masinjojin ma uku ne, kuma duk marasa nauyi, abin da ya ƙara rikita shi ke nan. Na farko tsirara yake zuwa, ba komai a jikinsa, duk abin da kake so sai ka ɗaura masa da kanka, amma cikin layi goma ya fara aiki. Na biyu yana duba takardun duk wanda ya zo ƙofa kafin ya bari ya shiga, har yana rubuta wa kansa littafin bayani. Na uku ya fi su gudu nesa ba kusa ba, sai dai shi ma da nasa yaren. Sikeli ya haɗa musu gasa, ya riƙa yi musu ruwan tambayoyin ƙarya yana ƙirgawa. Ya kira ni a waya ina tsakiyar kafa aljihu ya ce na farko yana amsa tambaya dubu uku a sakan guda, na biyu dubu goma sha biyu, na uku dubu sittin.

"Mutum nawa ne za su riƙa tambayar?" na ce.

"A yanzu ke kaɗai."

"A yanzu?"

"Dole a yi tunanin gaba, Yaya."

Wata na tara na je gidansa da rana tsaka ban cire ko zaren da ke jikin rigata ba. Ranar Baba ya yi rabin awa a kan shafi ɗaya, a ƙarshe ya rufe ya ce kansa ke ciwo, a bari sai gobe. Na sami Sikeli a falo da allo biyu, ya aro na ofis. Na ce masa idon Baba ba ya jiran takardarsa. Ya ce saura kaɗan, so yake ya tabbatar abin ba zai yi nauyi ba.

"Nauyi, nauyi, nauyi! Ka san abin da ya hana Baba kiran ka? Nauyinka yake ji. Kullum sai ya tambaye ni ko ka ce wani abu, in na ce in kira ka sai ya ce a'a, kada a takura wa injiniya. Ka ɗauki nauyin abu a gaban tsoho, ka zo ka zauna kana neman mara nauyi!"

Matarsa ta fito daga kicin ta tsaya, ba ta ce in yi haƙuri ba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya na faɗa, kuma in sha Allahu a wannan satin zai yanke shawara tsakanin masinja na biyu da na uku.

A nan dole in faɗi nawa, don kada a ɗauka ni ce mai hankalin gidan. Za a ce me ya hana ki ɗauki biro da littafi ki zauna da tsohon? Na gwada. Baba ya ƙi. Ya ce aikin Sikeli ne, in muka yi a takarda kamar mun ce masa ba mu yarda da shi ba. Na gane abin da yake so: ya ga ɗansa zaune kusa da shi a shagon nan, shi yana karantawa ɗan yana bugawa, ko sau ɗaya a rayuwa. Na ji haushin wannan ƙwarai. Shekara ashirin da biyu ina gefensa, bayana ya ƙage a kan keke, amma karatun littafin sai an jira wanda bai san bambancin alli da sabulu ba. Da na matsa da ya yarda, na san Baba. Ban matsa ba. Can ƙasan raina ina so a ga ƙarshen alƙawarin injiniya, a san wa ke riƙe da shago. Na riƙa rubuta awon waɗanda yadinsu ya zo kawai, in Baba ya zana in ɗora tef a ɓoye. Sauran na bar su a kanta ina jiran in ci gardama.

Wata na goma sha huɗu ya kawo ta. Safiyar Asabar ce, ya sa sabuwar riga ta kanti. Zan faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Megabayit huɗu kacal. Ka taɓa ta buɗe kafin ka ɗauke yatsa. Fari da shuɗi, hoton almakashi a kusurwa, akwatuna a jere: suna, wuya, kafaɗa, hannu, ƙugu, tsawo. Ya buga wani suna na gwaji, nan take ya fito a wayata. A ƙarshe masinja na biyu ya ɗauka.

Muka zaunar da Baba a gaban allon. Ya matso da fuska har numfashinsa na taɓa gilashin, ya ce ma sha Allah, akwai haske.

Sikeli ya miƙa hannu ya sauko da littafi na ɗaya, ya kwance ƙyallen, ya buɗe. Karon farko ke nan a rayuwarsa. Na ga idonsa yana bin shafin daga sama zuwa ƙasa, ya juya wani, ya sake juya wani.

"Baba, ina lambobin?"

"Waɗanne lambobi?"

"Incin."

Baba ya ce shi bai taɓa auna tsofaffin mutanensa da inci ba. Da hannu yake awo, yadda maigidansa ya koya masa: taƙi, wato daga babban yatsa zuwa ɗan manuni in an buɗe su, sai yatsu a jere, sai kamu daga gwiwar hannu. Sanda mai ƙugiya taƙi ce, ɗigo yatsa ne. Kuma rabin abin da ke shafin ba awo ba ne ma. Wannan alamar tana nufin kafaɗar hagu ta sauka, waccan tana nufin mutumin yana cika aljihu da makullai a ƙara masa ƙarfi, wata kuma a bar wurin tumbi don ya kusa aure. Sunaye ma ba ya rubutawa, kowa da zanensa.

Sikeli ya sa yatsa ya buga "taƙi biyu" a akwatin kafaɗa. Akwatin ya yi ja, ya ce lamba kaɗai yake karɓa. Shi ya sa masa wannan dokar da hannunsa, kuma ita ce dalilin da ya zaɓi masinja na biyu.

"Ba komai," ya ce. "Zan gyara, minti goma ne. Baba, karanta mini na farko."

Baba ya karɓi littafin. Ya tashi ya lallaɓa zuwa bakin ƙofa, ya ɗora gilashinsa mai mariƙi, ya karkata shafin wajen rana. Shafi ne cike fal, sama da ƙasa har gefe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo ya miƙa mini.

"Wannan ai ba a rubuta komai ba. Buɗo mini inda aka fara."

Na ci gardamata. Ban taɓa jin abu mai ɗaci irin wannan cin ba. Na shiga bayan labulen gwaji na toshe bakina da ƙyalle don kada tsohon ya ji.

Gyaran kuwa minti goma ya ɗauka, kamar yadda ya faɗa. Ya share akwatunan nan shida ya bar guda ɗaya babba da ke karɓar komai. Ranar Litinin ya ɗauki hutun sati uku a ofis, ya zo ya zauna a kan kujerar keke na uku, gefen Baba. Sikeli ne yake duba shafi yana siffanta alama da baki: "Sanda mai ƙugiya biyu, ɗigo uku, sai wani abu kamar kunnen kofi." Baba ya rufe ido ya ce taƙi biyu da yatsa uku, kunnen kofi kuwa mai doro ne. Sai ya buɗe hannunsa a kan tebur, ni in ɗora tef, Sikeli ya buga. Abin da Baba ya so ya samu, ɗansa a gefensa. Wani lokaci har dariya suke yi in aka zo kan wani mai tumbi.

Amma abin da ido ke ɗauka a kallo ɗaya, baki sai ya yi kwatan awa yana faɗa. Fensirin tsofaffin littattafan ya koɗe. Baba ya sauya wasu alamomi sau uku cikin shekara arba'in, da ganin yanayin rubutun yake gane na wane zamani ne, ba da ji ba. Zanen sunayen ya fi komai wuya. Sikeli zai ce, "Da'ira da layi biyu," Baba ya ce ko mai gyaran agogo ne, ko kuma wani ɗan sanda da ya rasu, bai tabbata ba. In ya yi awa biyu sai ya fara haɗa wannan da wancan, dole a tsaya. Da hutun ya ƙare mun ceto mutum ɗari biyu da 'yan kai, cikin fiye da dubu. Suna nan a manhajar, tana buɗewa ƙasa da sakan ɗaya, kuma a shirye take ta amsa wa mutum dubu goma sha biyu a lokaci guda.

Bayan wata guda, wata Asabar Sikeli na shago, direba ya kawo leda. Yadin kwat ne mai kyau, ruwan toka mai duhu, daga wani tsohon hedimasta da Baba ke yi wa ɗinki tun kafin a haife ni. 'Yarsa za ta karɓi digiri, yana so ya je da sabon kwat. Takardar da aka saba tana ciki. Sikeli ya buga sunansa, bai fito ba. Muka sauke littattafan muka bi zane-zane har azahar, Baba yana cewa kamar tabarau ne alamarsa, ko allo. Muka sami tabarau huɗu da allo bakwai.

Na ɗauki waya na ce zan kira hedimastan in ce ya je wurin wani tela a auna shi ya turo. Baba ya ce in ba shi wayar. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi jikoki. Sai ya gyara murya.

"Malam, awonka ya ɓace mini."

Ina jin muryar mutumin daga inda nake. Ya ce haba Baba, ai ba komai, ai abin duniya ne. Baba ya ce a'a, da komai. Ya ce kada ya je wurin kowa, zai turo ɗansa gobe ya auna shi har gida.

Tafiyar awa biyar ce a mota. Na tsayar da Sikeli a gaban madubi na nuna masa inda ake ɗora tef a kafaɗa, da yadda ake sa yatsa biyu a wuya don kada ya shaƙe. Ya rubuta komai. Da ya zo fita ya miƙa hannu wajen ƙusar da muke rataye tef, sai ya tarar guda biyu ne, rawaya da fari. Hannun ya tsaya a sama. Baba ba ya gani, amma bai ji fitarsa ba.

"Ɗauki na kusa da kai ka tafi," ya ce.

Ya ɗauka ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Muka rage mu biyu. Baba ya shafa teburin ya taɓo littattafan da muka bari a warwatse, ya tattara su da kansa, ya daidaita gefensu, ya ɗaure kowanne da ƙyallensa ba tare da ya nemi taimako ba. Na tashi zan mayar da su kanta.

"A'a," ya ce. "Kai su cikin gida. Ki sa yadi a wurin, kantar nan ta daɗe ba ta yi aiki ba."

Sawu huɗu na yi kafin na kwashe su.